Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Bakwaini Ke Nishi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibar aikin jinya ce, an tura mu ɗakin jarirai. Malamarmu ta ce kusan duk abin da ake yi wa bakwaini mai wahalar numfashi ya samo tushe daga binciken wata likita, Mary Ellen Avery. Me ta gano, kuma ina ruwansa da aikin nas? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Malamarku ba ta yi ƙari ba. A 1959, Avery da abokin aikinta Jere Mead, a Jami'ar Harvard da ke Amurka, suka binciki huhun jariran da wannan ciwo na wahalar numfashi ya kashe, suka tarar babu wani sinadari mai santsi da ake kira safaktan. Shi ke hana ƙananan jakunkunan iska na huhu mannewa duk sanda aka fitar da numfashi. Huhun ɗan tayi ba ya tara isasshensa sai wajen mako 34 zuwa 35 na ciki. Wanda ya zo kafin nan, kowane numfashi kamar hura sabon balan-balan ne a wurinsa. Nishin da kike ji dabara ce: yana ɗan toshe maƙogwaro don iska ta rage a huhu. Idan ya haɗu da numfashi sama da 60 a minti, da lotsawar haƙarƙari, da buɗewar ƙofofin hanci, a kira likita nan take.

Gano dalilin ne ya buɗe ƙofar magani. A 1971 George Gregory ya nuna amfanin na'urar sifaf, wadda ke riƙe huhu a buɗe da matsin iska. A 1972 Liggins da Howie a Niyu Zilan suka nuna allurar da ake yi wa uwa kafin haihuwa tana gaggauta nunar huhun jariri. A 1980 Tetsuro Fujiwara a Japan ya zuba safaktan ɗin kai tsaye ta maƙogwaro, aka dace.

Maganar allurar ta shafe mu kai tsaye, domin binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2020 an yi shi a ƙasashe biyar har da Najeriya, ya kuma tabbatar tana rage mutuwar bakwaini. Ana yi wa uwa allurar maganin desametazon miligiram 6 a tsoka, duk bayan awa 12, sau huɗu. Amma da sharaɗi: a tabbatar da makonnin cikin, bai kai 34 ba, haihuwa ta matso, uwa ba ta da alamar ƙwayar cuta a mahaifa, kuma asibitin na iya kula da bakwaini. Ba allurar kemis ba ce.

Tambaya: A ɗakinmu muna amfani da sifaf mai gorar ruwa. Wani lokaci kumfar ta tsaya, jariri ya dawo nishi. Ina matsalar take? Daga wani nas a Maraɗi.

Amsa: Malam, kumfar nan ita ce shaidar cewa matsi na isa huhu. Zurfin tiyon da ke cikin ruwa shi ne ma'aunin: santimita 5 a ruwa na nufin matsi 5, kuma daga nan aka saba farawa. Idan kumfa ta tsaya, iska na yoyo a wani wuri. Fara da fuskar jariri: robar hanci ta zame, ko ta yi masa ƙanƙanta, ko bakinsa a buɗe yake. Sannan ka bi tiyo gaɓa-gaɓa har zuwa na'ura. Ka duba ruwan gorar ma, don yana ƙafewa, matsi ya ragu ba wanda ya lura. Akasin haka, raɓar da ke taruwa cikin tiyo tana ƙara matsi, sai a riƙa zubar da ita.

Kumfa na tashi amma jariri na shan wahala? Sau da yawa majina ce ta toshe hanci. A zuƙe ta a hankali. A sa siririyar roba ta baki zuwa ciki a bar ta a buɗe, domin iskar da ya haɗiya na kumbura ciki ta danne huhu. Kada robar hanci ta jingina da naman tsakiyar hanci, a bar ɗan tazara, a riƙa dubawa duk awa uku zuwa huɗu, in ba haka ba wurin zai yi rauni. Zafin jiki ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salshiyas, don sanyi kaɗai na dagula numfashi. Idan kuwa jariri ya rikice farat ɗaya, gefe guda na ƙirji ya daina motsi, a yi zargin huhu ya huje, aikin likita ne na gaggawa.

Abin da ya fi damun mu shi ne oksijin. Wasu na buɗe shi har ƙarshe da sunan taimako, alhali yawansa na lalata jijiyoyin idon bakwaini har ya makance. A maƙala masa na'urar auna oksijin, a riƙe shi tsakanin 91 da 95 cikin ɗari, da zarar ya haura a rage.