Filin Tambaya da Amsa: "Anti, hanya ce ke cinye albashina"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni matashi ne ɗan shekara 27 daga Zariya, bayan na gama bautar ƙasa Allah ya ba ni aiki a wani kamfani a Wuse 2, albashina dubu 160, amma a Masaka nake zaune don nan ne kawai ƙarfina ya kai in kama ɗaki. Anti wallahi na gaji. Ina idar da Asuba nake fita titi, duk da haka wani lokaci sai takwas ta gota nake shiga ofis oga na ta harara, da dare kuma sai wajen goma nake isa gida ko abinci ba na iya ci. Kuɗin mota dubu uku ne kullum zuwa da dawowa, in an yi ruwa kuma a ƙara. Ga shi a gida ana ganin ina Abuja kowa kira yake a turo masa, Mama kuma so take duk ƙarshen mako ta gan ni. Don Allah in ajiye aikin in koma gida ne ko in ci gaba da haƙuri?
Daga ƙaninki a Masaka.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka a neman. Kar ka ajiye aikin nan tukuna, amma kuma haƙuri irin wanda kake yi yanzu ba zan ce ka ci gaba da shi ba, don jikinka ne zai biya.

Ɗauko biro mu yi lissafi da alƙaluman da ka ba ni. Dubu uku sau ranakun aiki 22, dubu 66 kenan a wata, kuma mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a watan Yulin 2024 dubu 70 ne, ka ga kusan albashin mutum guda kake miƙa wa direbobi duk wata. A shekara ya kama dubu 792. Wannan kuɗin fa haya ce, haya ta biyu da kake biya ba tare da mai gida ya ba ka rasit ba. Mutane da yawa in za su kama ɗaki kuɗin da ejan ya faɗa kawai suke kallo, su ce ai Masaka ko Ado ko Wan Man Bilej ya fi sauƙi, su manta cewa kullum sai sun ratsa Mararaba da gadar Nyanya da gangaren Kugbo kafin su ga shataletalen AYA da ke Asokoro, kuma ba su kaɗai ba ne, duk ma'aikatan da ke kwana a ɓangaren jihar Nasarawa a wannan titin na Kefi suke ɗurowa a lokaci ɗaya su koma a lokaci ɗaya. Araha ba ta ado ƙanina. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin zama a nesa yana ɗan ciwuwa don litar fetur ba ta kai naira 200 ba, amma tun da ta haura 500 a makon da aka cire tallafin, ta zo ta wuce dubu a ƙarshen 2024, tsohon lissafin nan ya mutu, mutane ne dai ba su sake zama sun buga sabo ba.

Kuma kar ka ɗora wa kanka laifi ka ce ko kai ne rago. Haka garin yake a gine, ofisoshi an tara su a Santaral Eriya da Garki da Wuse da Maitama, masu yi musu aiki kuma tsadar haya ta kora su gefe. An hana acaba shiga tsakiyar birni tun 2006, ƙananan bas ɗin nan da ake ce wa araba su ma an hana su a 2013, jirgin ƙasan cikin gari da aka sake buɗewa a watan Mayun 2024 kuma filin jirgin sama da Idu da ɓangaren Kubuwa yake bi, bai san da zaman mutanen Nyanya da Mararaba ba. To ka ga abin da ya rage muku sai tasi da manyan bas da motocin ma'aikata masu ɗaukar fasinja don su rage kuɗin mai.

Abin da nake so ka yi, ka haɗa kuɗin hayarka ta Masaka da wannan dubu 792 ɗin, jimillar ita ce ainihin abin da zama a can yake ci maka. Sai ka ware Asabar guda ka taka da ƙafarka zuwa unguwannin da ke maƙale da gari, irin su ƙauyen Mabushi, Gishiri, Jahi, Mpape, ƙauyen Garki ko Durumi, ka tambayi ɗaki. Kar ka tsaya a hoton da ejan zai turo maka a WhatsApp, ka je ka ga banɗakin, ka tambayi maƙwabta ruwa da wuta, ka tambayi mai shagon bakin layi ko an taɓa zuwa an yi musu jan fenti a bango, don wasu wuraren nan rusau na iya faɗa musu kowane lokaci kuma in aka rushe kuɗin hayarka ya tafi kenan. Ɗakin zai fi na Masaka tsada kuma zai fi shi ƙanƙanta, wannan babu ja, amma in ka samu abokin zama ɗaya mai tsoron Allah kuka raba, mai yiwuwa ka tarar abin da kake kashewa yanzu ya isa har da canji, ga kuma awa huɗu ko biyar da za su dawo hannunka kullum. Inda gizo ke saƙar shi ne masu gida kuɗin shekara suke so a dunƙule, ga na ejan ga na lauya, shi ya sa nake cewa ka fara tari tun yanzu ka auna ƙarewar hayarka ta yanzu, ko ka shiga adashi da abokan aikin da ka yarda da su ka roƙi a ba ka kwasar da ta dace da lokacin.

Kafin nan kuma akwai abin da za ka iya yi daga gobe. Ka nemi ma'aikaci mai mota a unguwarku da ke shiga gari kullum, a masallaci ma za ka same su, ku yi tsada ta wata ko ta mako ku huɗu, ya fi tsayuwa a bakin titi ana kokawar shiga mota rigarka ta ofis na yamutsewa. Sannan ka samu oga a lokacin da ransa ke sanyi ka yi masa bayani a natse, ka ce ranka ya daɗe a Masaka nake, in an yarda in riƙa shigowa bakwai in tashi huɗu. Wanda ya bar Wuse ƙarfe huɗu da wanda ya bari shida ba gosulo ɗaya suke tararwa ba. Iyakaci ya ce a'a, ba abin da ka rasa. Maganar abinci kuma ba wasa nake ba, yaran da ke rubuto min da ciwon olsa yawancinsu haka suka fara, shayi a tsaye da safe, rana lemo da biskit, dare a faɗi a kan katifa da takalmi. Ranar Lahadi ka yi miya mai yawa in kana da inda za ka adana, in babu ka samu mai abinci ɗaya kusa da ofis ka riƙa ci da rana ka ƙoshi, da dare ko kunu ne ka sha.

Sai batun gida, wanda a ganina ya fi gosulon nauyi a zuciyarka. Mama ba ta san Masaka ba, ita dai an ce mata ɗanta na Abuja. Ka je ka zauna a gabanta ka faɗa mata gaskiya da alƙaluma, ga abin da nake ɗauka, ga na mota, ga na haya, ga ƙarfe nawa nake fita ga ƙarfe nawa nake dawowa. Uwa in ta ji ɗanta na fita kafin gari ya waye ya dawo goma na dare, ita da bakinta za ta ce ka rage zuwa, har ta tare maka masu kiran a turo. Ka yanke abin da za ka riƙa ba ta duk wata ko kaɗan ne ya zama tabbas, sauran 'yan uwa kuma wanda ka iya ka yi wanda ba ka iya ba ka ba shi haƙuri da baki mai daɗi, ba ka yanke zumunci ba don ka ce babu. Zuwa sau ɗaya a wata ya wadatar. In jirgin ƙasa za ka bi, daga Idu ko Kubuwa zuwa tashar Rigasa a Kaduna, tafiyar kilomita 186 ce daga Idu, ka sayi tikiti ta intanet da wuri don na Juma'a da na Lahadi ba sa daɗewa, ka riƙe lambar NIN ɗinka tunda tun bayan harin 28 ga Maris 2022 da aka dawo da zirga-zirga a Disambar shekarar ake neman ta, kuma ka tuna daga Rigasa akwai sauran tafiyar mota zuwa Zariya, kar ka ɗauki jirgin da zai sauke ka da dare.

In ka gwada duk wannan na wata shida abu bai canza ba, to fara neman wani aikin kana riƙe da wannan, ko a Kaduna ne ko Kano, albashin da bai kai wannan ba a garin da kake kwana a gidanku yana iya fin shi auki.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibitin kuɗi a Garki, ina zaune a Kubuwa wajen yayata. Wasu ranakun sai tara na dare nake tashi, kuma labarin 'yan wan cans ya sa duk motar da na shiga gabana faɗuwa yake. Me zan yi?
Daga ƙanwarki a Kubuwa.

AMSA: Ƙanwata tsoronki a kan hanya yake, don ko a watan Satumbar 2023 an wurgo wata matashiya daga mota a titin Maitama zuwa Kubuwa ta rasa ranta, abin ya tayar da hankalin gari. Waɗannan mutanen yadda suke yi, mota ce kamar kowace, direba da mutum biyu ko uku a zaune kamar fasinjoji har da mace a ciki don ki saki jiki, kujera ɗaya ta rage, kina shiga a ɗaga gilas a karɓe waya da katin ATM a tilasta ki faɗi lambar sirri.

Da dare kar ki tsayar da mota a bakin titi ko da za ki ƙara kuɗi, ki shiga tasha inda ake lodi a layi 'yan yuniyon sun san direban. In mota ta tsaya miki gilas ɗinta mai duhu ne, ko aka ce wani ya sauko ke ki shiga tsakiya, ko kika ga ba hannun buɗe ƙofa ta ciki, ki ce kin fasa, kar kunya ta sa ki shiga, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki ɗauki hoton lambar motar ki tura wa yayarki kafin ki zauna, ki kunna mata inda kike a WhatsApp har ki isa. Asusun da ke kan wayarki da katin da kike yawo da shi kar su zama inda kike tara kuɗinki, ki bar na mota da na abinci kawai, ki kuma haddace lambar da bankinki ya bayar ta rufe asusu daga kowace waya, da 112 ta kiran gaggawa. Ranakun da kuka tashi tara ku haɗu ku uku masu hanya ɗaya ku kira Bolt ku raba kuɗin, kuma ku haɗa baki ku roƙi shugabar ma'aikatan jinya a ba ku ɗakin kwana ko mota, haƙƙinku ne ku nema tunda aikinsu ne ya kai ku dare. Allah ya tsare ki ya tsare mana ku duka.

TAMBAYA: Anti ofishinmu zai tura ni kwas na mako biyu a Ikeja, ban taɓa zuwa Legas ba, zan sauka wajen kawuna a Agege. Wace shawara za ki ba ni?
Daga wani ɗanki a Kano.

AMSA: Ɗana ka yi sa'a, Agege da Ikeja maƙwabta ne kuma Agege cike take da 'yan uwa Hausawa, ba za ka rasa mai nuna maka hanya ba. Jirgin ƙasan Jan Layi da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo yana tsayawa a Agege yana tsayawa a Ikeja, ka sayi katin Cowry ka sa masa kuɗi, da shi ake shiga jirgin da bas ɗin BRT, sai dai ka tambayi lokutan tashinsa tun ranar da ka sauka don ba kowane lokaci yake tashi ba. In danfo za ka shiga, wato ƙananan bas ɗin haya na Legas, ka riƙe canji a hannu, ka tambayi kwandasta kuɗin kafin ka zauna, ka kuma faɗi tashar da za ka sauka da ƙarfi don ba sa jira. Kar ka dogara da acaba, an hana su a Ikeja tun Yunin 2022. Ranar Lahadi kafin a fara kwas ɗin ka roƙi ɗaya daga cikin yaran Kawu ya raka ka har ƙofar wurin ku dawo tare, ka ga inda ake hawa da inda ake sauka, ranar Litinin kuma ka fita da awa ɗaya a kan abin da suka ce maka ya isa.