Tambaya da Amsa: Me ya raba Katsina da Rundunar Soja ta 1 da ke Kaduna?

Tambaya: Malam, mahaifina yana cikin mazan fama, ya yi yaƙin basasa a Runduna ta 1. Har ya rasu yana gaya mana cewa duk sojan da ke Katsina da Sakkwato daga Kaduna yake karɓar umarni. Amma yanzu in 'yan bindiga suka kai hari a yankinmu, sai mu ji kwamandan Sakkwato ke bayani. Ina gaskiyar take? Daga wani mai karatu a Malumfashi.

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwanci. Gaskiya ya faɗa maka, ɗan'uwa, zamani ne ya canja.

A unguwar Kawo ta Kaduna na tashi, kusa da hedikwatar rundunar da barikin Dalet. Da busar begilarsu muke farkawa da asuba, a mami, wato kasuwar bariki, kuma ake aikenmu sayen kifi. Shi ya sa tambayarka ta taɓa ni.

Kafin yaƙi, birged ɗaya ce, wato rukunin soja da bai kai runduna girma ba, a Kaduna take kula da Arewa baki ɗaya. Kwamandanta, Birgediya Samuel Ademulegun, yana cikin waɗanda aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Da yaƙi ya ɓarke a Yulin 1967 sai aka faɗaɗa sojojin wannan shiyya suka zama Runduna ta 1, a hannun Kanal Muhammadu Shuwa. Su suka shiga Nsukka, suka karɓe Inugu ranar 4 ga Oktoban 1967, sannan Umuahia a Afrilun 1969. An san Shuwa da taka-tsantsan, ba ya tura yaransa gaba sai ya tabbatar harsashi da abinci sun iso. Wasu sun ce yana jan ƙafa. Ni kam a ganina rayuka da yawa ya tsirar, mai yiwuwa har da na Baba. Abin baƙin ciki, mutumin da ya fito daga wannan yaƙi lafiya, a gidansa na Maiduguri 'yan bindiga suka harbe shi a Nuwamban 2012.

Bayan an gama yaƙi a 1970, rundunar ta zauna a Kaduna, daga baya aka ba ta Arewa maso Yamma, aka mai da Runduna ta 3 Jos tana duba gabas. Haka Baba ya san abin.

Rikicin Boko Haram ne ya fara sauya tsarin. A 2013 aka kafa Runduna ta 7 a Maiduguri. Daga baya aka kafa ta 8 a Monguno, sannan aka dawo da hedikwatarta Sakkwato da ta'asar 'yan bindiga ta yi ƙamari. Yanzu ita ke da Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Katsina. Birged ta 17 da ke Katsina da Birged ta 1 da ke Gusau duk nata ne. Kaduna ta tsaya da Birged ta 3 a barikin Bukavu na Kano, da birged ɗin igwa ta 31 a Minna, da sauran sassanta.

Na goyi bayan wannan rabo. Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Kawo zuwa Illela ya san wuni ake yi a hanya, kuma janar da ke zaune a Kaduna ba zai ji kukan mutanen Isa da Sabon Birni kan lokaci ba. Abin da ke damuna shi ne dajin Kamuku da Kuyambana, inda Kaduna, Zamfara, Katsina da Neja suke kusa da juna. Ɗan bindiga ba ruwansa da iyakar runduna, a kan babur yake tsallakawa cikin dare, don haka dole kwamandojin biyu su yi aiki baki ɗaya.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kai: makarantar kurata ta Zariya da kwalejin horar da hafsoshi ta NDA suna cikin jihar Kaduna, amma makarantu ne masu nasu kwamandojin, ba sassan Runduna ta 1 ba ne.