Ofdet ya tsaya, komai ya ƙi shiga: in yi fomat ne ko in sayi wata laftof?

Saƙonnin wannan makon yawanci daga masu Ubuntu ne, wato tsarin Linux da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows, kuma kusan kowa da kuɗinsa a hannu yana shirin kashewa a kan abin da gyaransa kyauta ne. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Salam Malam. Ina amfani da Ubuntu 22.04 a laftof ɗina ta gwanjo, ina cikin ofdet aka ɗauke wuta, batirin kuma dama ya mutu, nan take ta ɗauke. Tun ranar duk abin da na zo sakawa sai ta rubuto "dpkg was interrupted", ko VLC ta ƙi shiga. Mai gyara ya ce sai dai a yi fomat a mayar da Windows, abokina kuma ya ce in sayar kawai in cika in sayi wata. Furojet ɗina na ciki wlh. Ɗalibi daga Zariya.

Wa alaikumus salam ƙanena. Dan Allah kar ka sayar, kar kuma ka bari a yi fomat ɗin nan, laftof ɗinka lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne, a Ubuntu da Debian da Linux Mint akwai manhajoji biyu masu aikin saka kaya, apt shi ke zuwa intanet ya ɗauko fakej, wato ƙunshin fayilolin manhaja, ya duba me da me yake buƙata, dpkg kuma shi ke kwance shi ya zuba fayilolin a wurarensu sannan ya saita shi. To matakan biyu ne, zubawa da saitawa, kuma duk abin da dpkg ya yi sai ya rubuta a wani fayil mai suna /var/lib/dpkg/status. Wuta ta ɗauke maka a tsakiyar aikin, sai aka bar wasu fakej an zuba su ba a saita ba. Kamar ɗan kasuwa ne da bai rufe lissafin jiya ba, ba zai yarda ya buɗe na yau ba sai ya san inda aka tsaya, kuma gaskiyarsa ce, don in ya ci gaba a haka ne ɓarnar gaske za ta faru.

Da farko kwafe furojet ɗin nan a filash ko ka tura wa kanka ta imel. Gyaran ba ya taɓa fayilolinka na Home, amma aikin makaranta ba abin da ake bari a wuri ɗaya ba ne. Sai ka jona caja a lokacin da kake da tabbacin wuta za ta zauna, ka buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta

sudo dpkg --configure -a

wanda in ka duba da kyau shi ne ma abin da saƙon ya ce ka yi a ƙarshen layin, mutane ne ba sa karantawa har ƙarshe saboda tsoro. Ka bar shi ya gama ko da ka ga kamar ya tsaya, musamman in ya zo kan kanel, wato zuciyar tsarin, yana ɗan jimawa. Bayan nan sai sudo apt --fix-broken install, sannan sudo apt update, sannan sudo apt upgrade. Yawancin masu irin matsalarka a nan take ƙarewa.

In kuma ya sake tsayawa ya rubuto "dpkg returned an error code (1)", to wannan layin ba shi ne ciwon ba, yana faɗa maka ne kawai an samu matsala. Hau sama kaɗan ka nemi inda aka ce "error processing package", sunan da ke gabansa shi ne mai laifin. Gwada sudo apt install --reinstall da sunan. In ya ce fakej ɗin yana cikin "very bad inconsistent state", sai ka yi sudo dpkg --remove --force-remove-reinstreq da sunan, ka sake saka shi daga baya. Amma fa wannan na tilas ɗin a kan ƙaramar manhaja kawai nake yarda da shi, in ka ga sunan libc6 ne ko systemd ko grub, waɗanda tsarin kansa ya dogara da su, tsaya, ɗauki hoton allon ka nuna wa wanda ya sani.

Maganar mayar da Windows kuma, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'urar, da firosesa na baya-bayan nan wanda da yawa cikin laftof ɗin gwanjo ba su da shi. Ubuntu 22.04 ɗinka kuwa tana samun sabuntawar tsaro har 2027. In akwai abin da za ka saya, batiri ne. Buɗe ƙasan laftof ɗin ka kwafi lambar da ke jikin tsohon, ka sayi daidai ita, kuma ka sa a gwada a gabanka a cire caja ka ga ya riƙe kafin ka biya. Ba batiri, gobe ma za a sake ɗauke wuta kana cikin ofdet.

Yallaɓai ina koyon harkar tsaron intanet, na ga wani bidiyo an ce in ƙara rifo ɗin Kali, wato rumbun manhajojin Linux ɗin nan ta masu gwajin tsaro, a Ubuntu don in samu kayan aikinsu. Na yi, yanzu kullum "unmet dependencies", da na yi fix-broken ɗin sai ya jero abubuwa sun fi ɗari wai zai cire. In danna Y? Ko in sayi wata kwamfuta daban ta Kali? Daga Kaduna.

Kar ka danna Y, kuma na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya. Duk lokacin da apt ya rubuta "The following packages will be REMOVED" ka karanta jerin, in ka ga ubuntu-desktop ko gdm3 ko gnome-shell a ciki to allon da kake gani ɗin nan ne gaba ɗaya zai iya tafiya, ka kunna ka tarar da baƙin shafi kawai. Ba ƙananan masu koyo kaɗai abin ke ci ba, a 2021 Linus Sebastian mai tashar Linus Tech Tips ya zo saka manhajar wasanni ta Steam a Pop!_OS, wata Linux da aka gina a kan Ubuntu, apt ya gargaɗe shi cewa zai cire muhimman abubuwa, ya rubuta masa "Yes, do as I say!", allon gaba ɗaya ya tafi a gaban kyamara.

Naka ya fi na ɗalibin can nauyi, ba zan ɓoye maka ba. Kali a kan Debian ta gwaji aka gina ta, kayanta kullum sabbi ne, ba su dace da na Ubuntu ba, su kansu masu Kali sun hana a zuba rifo ɗinsu a wani tsarin. Ka cire layin da ka ƙara, ko dai yana /etc/apt/sources.list ko a wani fayil cikin /etc/apt/sources.list.d, ka yi sudo apt update, sai ka gwada apt -s --fix-broken install, wannan -s ɗin gwaji ne kawai, zai nuna maka abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. In jerin ya ragu ya koma kayan Kali ɗin kaɗai, madalla. In kuwa ka riga ka yi upgrade rifo ɗin na ciki har ya canza libc6, apt ba ya komawa baya da kansa, kuma bin su ɗaya-ɗaya zai ci maka kwanaki. A nan kam ni na yarda da sake saka Ubuntu, kwashe fayilolinka ka yi, ya fi sauƙi kuma ya fi tsafta.

Sabuwar kwamfuta ba ta taso ba. Kali tana da hoton da aka shirya don VirtualBox, manhajar da ke ba ka damar kunna wani tsarin a cikin Ubuntu ɗinka, ko ka ɗora ta a filash ka riƙa tashi daga can. In RAM ɗinka 4GB ce, kuɗin nan ka ƙara ta ta kai 8GB, bayan ka duba ko DDR3 ce ko DDR4 don ba sa shiga ramin juna.

Ni kuma "Could not get lock" take rubuta min, an ce in goge fayil ɗin lock. Hajiya mai shagon buga takardu, Katsina.

Hajiya kar a goge. Wani aikin ne ke gudana a ɓoye, galibi unattended-upgrades mai saka gyaran tsaro da kansa jim kaɗan bayan an kunna, saƙon ma yakan faɗi sunan wanda ya riƙe makullin. Ki rufe manhajar ofdet in tana buɗe, ki ba shi minti goma ko ashirin gwargwadon ƙarfin netwok ɗinki. Goge makullin yana cikin aiki shi ke haifar da irin ciwon ɗalibin Zariya. In an daɗe sosai bai saki ba kuma kin ga ba ya komai, ki kashe ta ta hanyar da aka saba ki kunna, in ta nemi dpkg --configure -a ki yi mata.

Malam tawa ofdet ɗin yana kaiwa rabi sai ya ce "No space left on device", fakej ɗaya ya maƙale. In sayi SSD? Daga Maraɗi.

Wataƙila eh, amma duba tukuna ɗan'uwa. Rubuta df -h ka ga wane layi ne ya kai 100%. Sau da yawa ba dis ɗin gaba ɗaya ne ya cika ba, ɗan ƙaramin ɓangaren /boot ne tsofaffin kanel suka cika, kuma ko ka sayi SSD mai girma ka kwafe tsarin yadda yake matsalar za ta bi ka. In babban ɓangaren ne ya cika, sudo apt clean zai share fakej ɗin da aka sauke suka taru a /var/cache/apt/archives, ka kuma leƙa Downloads da kwandon shara. Da zarar wuri ya samu sai ka yi dpkg --configure -a da fix-broken ɗin, sannan sudo apt autoremove --purge ya kwashe tsofaffin kanel, nan ma ka karanta jerin kafin ka amsa. Abu ɗaya, apt clean na nufin abin da bai gama shiga ba sai an sake sauke shi, to ka yi da datar dare ko inda akwai wayifai.

Inda zan ce maka tashi ka saya ba jira shi ne in ka fara ganin "Input/output error" ko "Read-only file system". Buɗe manhajar Disks ka duba SMART, wato rahoton lafiyar dis ɗin, in ta nuna dis ɗin na samun wuraren da suka lalace, kwashe kayanka yau ɗin nan kafin ka gwada kowane gyara. Kuma kafin ka je kasuwa ka buɗe ka ga ramin naka, SATA mai inci 2.5 ne ko M.2, don masu shago da yawa ba sa karɓar kaya in an ɓare kwali.