Amsa kan marubucin labarin duniyar birai

Malam, ka tambaya ko Ba'amurke ne ya ƙirƙiro labarin fim ɗin Planet of the Apes. A'a, Bafaranshe ne, Pierre Boulle, haifaffen garin Avignon na Faransa a 1912. Injiniya ne ma, ya yi aiki a gonakin roba na Malaya (yankin Malaysia a yau), kuma ya sha ɗauri a Indochina (yankin su Vietnam a yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Littafin da ya rubuta, wanda daga shi aka ciro labarin fim ɗin, ya fito a 1963, fim ɗin kuma a 1968. Amma fa mutum-mutumin nan na New York, wato Statue of Liberty, da ake gani a ƙarshen fim ɗin babu shi a littafin. A ganina littafin ya fi zafi, domin ba'a ce yake yi wa girman kan ɗan Adam. Boulle ya rasu a Paris a 1994.