Tambaya da Amsa: Wa ke raba hanya tsakanin jirgin fasinja da kumbo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna yawan ganin jirage suna ratsa samaniyar Damagaram suna barin farin layi a baya, kuma muna ji a rediyo cewa ana ta harba kumbo da taurarin ɗan'adam, har akwai balan-balan da ke shawagi can sama. Wa ke tsara hanyarsu don kada su yi karo, kuma me ke kare jirgin alhazai idan tarkacen kumbo ya faɗo? Daga wani malamin makaranta a unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jiragen da kake gani suna tafiya ne a tsayin kilomita 9 zuwa 12, kuma a samaniyar Nijar hukumar ASECNA ce ke yi musu jagora, wadda aka kafa a 1959 kuma hedkwatarta ke Dakar. Ma'aikatanta na cibiyar Yamai suna magana da matuƙa, suna ba kowane jirgi tsayinsa, da tazarar kusan mita 300 tsakanin na sama da na ƙasa. Da zarar jirgi ya tsallaka kudu, sai ya shiga yankin Kano, hukumar Nijeriya ta karɓe shi. Dokokin da kowa ke bi sun samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944 da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, da ke Montreal.

An gina wannan tsari gaba ɗaya a kan abubuwa biyu: jirage masu gudu kusan iri ɗaya, da matuƙin da za a ce masa ya kauce, ya kauce. Sababbin baƙin samaniya ba su da ko ɗaya. Balan-balan na kamfanin Loon, waɗanda suka kai intanet wasu yankunan Kenya a 2020 kafin a rufe kamfanin a 2021, sun kasance suna zama ne a tsayin wajen kilomita 20, iska na tura su. Jirgin Zephyr na Airbus, mai aiki da hasken rana ba matuƙi, ya yi kwana 64 a sama a 2022. Zamansu can ƙololuwa bai damun kowa, tunda babu jirgin fasinja da ke kusantar nan tun da aka ajiye jirgin Concorde a 2003. Haɗarin yana lokacin hawa da sauka, domin dole su ratsa hanyar jiragen da ke gudun kilomita 850 a awa, su kuwa suna jan jiki, kamar amalanken jaki zai tsallaka babbar hanyar Maraɗi da tsakar rana.

Shi kumbo nasa akasin haka ne, cikin 'yan mintuna ya keta ya wuce. Abin da ake yi masa har yau shi ne a rufe yankin da zai bi, a aika wa matuƙa sanarwar da ake kira NOTAM, su kewaya. Dabara ce mai aminci, amma ta dace da zamanin da harbi bai da yawa. A 2024 kaɗai an yi harbi fiye da 250 zuwa falaki. Mu ma mun san tsadar rufe samaniya, domin lokacin da Nijar ta rufe tata a watan Agustan 2023 jirage masu zuwa Turai daga kudancin Afirka sun yi dogon zagaye, mai ya ƙaru, lokaci ya ƙaru. Shi ya sa hukumar jiragen sama ta Amurka ta soma karɓar bayanin inda kumbo yake kai tsaye, don ta taƙaita yankin da take rufewa, ta kuma buɗe shi da wuri.

Ɓangare na biyu na tambayarka shi ne mai wuya, kuma a ganina nan ne duniya ta yi sakaci. Abin da ke kewaya duniya yana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, don haka idan aka bar gangar roka ta faɗo da kanta, kuskuren minti biyu a lissafi ya zarce nisan Damagaram zuwa Yamai. A watan Mayun 2020 tarkacen rokar Sin mai suna Long March 5B ya faɗa wani ƙauye a Kwaddibuwa. A watan Nuwamban 2022 wata irinta ta sa Sifen ta rufe wani sashe na samaniyarta na kusan minti 40, jirage ɗaruruwa suka makara, ƙarshenta kuma tarkacen ya faɗa tekun Pasifik. A Janairun 2025, da kumbon Starship ya tarwatse, sai da aka karkatar da jirage a yankin Karibiyan. Abin da ke kare jirgin alhazai ke nan: gargaɗi, da kaucewa, da kuma faɗin samaniya kanta. Haɗarin ƙarami ne ƙwarai, kada ya hana kowa niyyar Hajji, amma yana ƙaruwa da yawan harbi.

Akwai kuma giɓi a doka. Yarjejeniyar Chicago ta ba kowace ƙasa iko da samaniyarta, yarjejeniyar sararin falaki ta 1967 kuma ta ce sararin falaki ba na kowa ba ne, amma babu wadda ta faɗi inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara; kilomita 100 da ake yawan ambata al'ada ce kawai. Nijar ba ta harba roka, duk da haka tarkacen wasu na iya bi ta kanta. Abin da ya kamata ƙasashenmu su nema a zauren ICAO shi ne a wajabta wa duk mai harbi ya sarrafa saukar rokarsa zuwa cikin teku, a kuma riƙa isar da bayanin wucewarta ga cibiyoyi irin ta Yamai a kan lokaci.