Amsar muryar da aka turo kan "saura uku kacal"

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na ji saƙonki tun da safe, aiki ne ya riƙe ni. Ga waɗanda ba su saurara ba, cewa ta yi tana ɗora tallan kayanta, mutane su yi ta tambayar "nawa ne?", da ta faɗi kuɗi sai tsit. Wani kuma ya ba ta shawara ta riƙa rubuta "saura uku kacal" ko "yau kaɗai", ko da kayan na nan jibge. Shi ne take tambaya ko ta yi.

To ni dai a ganina kada ki yi. Dabarar tana aiki kam, ba zan ɓoye miki ba, mutum in ya ji abu zai ƙare jikinsa rawa yake. Amma sau nawa za ta yi miki aiki a kan mutum ɗaya? Ranar da ya ga "saura uku" ɗin nan ya shekara bai ƙare ba, shi ke nan, ko gaskiya kika faɗa gobe ba zai yarda ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma a Tarayyar Turai, tun dokar 2005 kan cin amanar masu saye, haramun ne ɗan kasuwa ya yi ƙaryar cewa kaya na ɗan lokaci ne don ya sa mutum yanke shawara cikin gaggawa. In da gaske uku suka rage, faɗi abinki.

Bari in ba ki wani labari, shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki waya. A 1978 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Ellen Langer, ita da abokan aikinta suka yi gwaji a wajen injin fotokwafi. Mutum zai zo yin kwafi, sai wani ya ce masa, don Allah shafi 5 ne da ni, bari in riga ka. A haka kashi 60 cikin ɗari suka bari. Da ya ƙara da "saboda sauri nake", sai ya koma kashi 94. Yanzu ji abin dariyar: da ya ce "saboda ina so in yi kwafi", wanda ba dalili ba ne sam, to kowa ma ai kwafin ya zo yi, kashi 93 suka matsa masa. Kunne ya ji "saboda", ya ɗauka akwai hujja.

Masu koyar da talla a nan suke tsayawa, su ce miki ki cusa "saboda" a ko'ina. Ba sa ƙarasa labarin. An maimaita gwajin da shafi 20. A nan dalilin banzan bai ƙara komai ba, kashi 24 da shi, kashi 24 babu shi. Dalilin gaske ne ya kai 42. Kin gane? Idan abin da kike nema ƙarami ne, mutum ba ya tsayawa tunani. Da zarar zai ji a aljihunsa sai ya farka, ya fara auna kowace kalma. Masu ce miki "nawa ne?" su ɓace, daidai wurin nan suke farkawa, sai su duba su ga ba ki ba su dalili ba, "mai kyau" da "mai inganci" kawai kika ba su. Wa ya taɓa cewa kayansa marasa kyau ne?

Saboda haka dalilin ya zama abin da za a iya taɓawa. A ce takalmi ne. Maimakon "mai ƙarko", ki ce ɗinki ne a ƙasansa ba gam ba, in ya buɗe cikin wata kaza ki dawo da shi. Wannan magana ce da za a iya kama ki da ita, shi ya sa ake yarda da ita. Kuma ki daina ɓoye kuɗi sai an biyo ki ta bayan fage, ni kaina abin yana ba ni haushi. Rubuta shi a fili, kusa da dalilin.

Sai yadda ake juya magana. Wasu masana halayyar ɗan Adam, Amos Tversky da Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, sun gwada wannan a 1981. Suka ce cuta za ta kashe mutum 600, ga hanyoyi biyu. Da aka ce hanyar farko za ta ceci 200, kashi 72 suka zaɓe ta. Da aka ce wa wasu in an bi wannan hanyar dai mutum 400 za su mutu, kashi 22 kawai suka zaɓe ta. Lissafi ɗaya ne fa! Asara ta fi riba zafi a zuciya. Don haka "kin gaji da sayen wanda ke lalacewa bayan wata biyu?" ya fi "zo ki sayi mai kyau" shiga. Amma kada ki mai da tallanki gidan tsoratarwa, sau ɗaya ya isa.

Af, na kusa mantawa. Kalmomin da suka fi sayar da kaya ba a kanki suke ba, suna cikin saƙonnin kwastomominki. Koma ki karanta abin da suka rubuto bayan sun karɓa. In wata ta ce "na wuni a tsaye ƙafata ba ta yi ciwo ba", nemi izininta ki sa shi yadda ta faɗa, kada ki gyara. Wanda ya yi shiru kuma, ki tambaye shi sau ɗaya cikin ladabi: kuɗin ne, ko akwai abin da bai kwanta maka ba? Kada ki bi shi da saƙo goma.

Turo min talla biyu cikin na kwanan nan, in Allah ya kai mu dare zan duba in nuna miki inda zan canza. Cajina ya kusa ƙarewa, sai anjima.