Amsa: Jirgin fiba da ya tsage a ciki, ya za a gyara?

Malam sannu, ka ce jirginka ya bugi dutse ya tsage ta ƙasa ruwa na shiga, kana tambaya ko a shafa gam kawai. Don Allah kar ka yi haka, gam ba zai riƙe ba. Fara fito da shi daga ruwa ka bar shi ya bushe sosai, ko da kwana uku ne, don resin, wato ruwan da ake jiƙa ƙyallen fiba da shi ya daskare ya yi ƙarfi, ba ya kama jiƙaƙƙen fiba.

Sai ka huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba, ka sa giranda ka ci gefenta a karkace, faɗin ya kai kaurin jikin sau 12, nan ne mutane ke ganda kuma nan ne ƙarfin gyaran yake. Ka goge da asiton, wato sinadarin da ke cire maiƙo da datti, ka yanka ƙyallen fiba kashi-kashi kana jiƙa shi da resin na ifoksi kana dannawa har iska ta fita gaba ɗaya, ni dai na fi yarda da ifoksi kan resin na poliyesta wajen kamawa. Bayan awa 24 ka bi da sanfefa ka yi fenti.

Ka sa takunkumi da safar hannu, ƙurar nan tana cutar da huhu.